Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana

'Yan'uwa marubuta, akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga ya dace in baje ta a wannan fili namu domin mu yi mata taron dangi. Tambayar ita ce: idan makarantar karatu daga nesa ta ce ƙofarta a buɗe take ga kowa, ta karɓi kuɗin makaho da kurma da gurgu, sannan ta ba su daidai abin da ta ba sauran ɗalibai, ba daɗi ba ragi, shin ta yi adalci? In kuwa ta ƙara musu wani abu, alfarma ta yi musu ko bashi ta biya?

Mai karatu zai ga ina kiran makaho da kurma da gurgu da sunayen da muka gada. Na san yanzu an fi cewa masu buƙata ta musamman, kuma lafazi ne mai ladabi. Sai dai yakan haɗa mutane da yawa a buhu ɗaya, alhali abin da kurma yake nema daban yake da abin da makaho yake nema. A wannan magana kuwa bambancin shi ne kan gaba.

Abin da ya faru a ajina

Shekarun baya na yi aikin wucin-gadi a wata makarantar karatu daga nesa wadda ba sai na kama sunanta ba. Aikina kashi biyu ne. Na rubuta littafin darasi a kan nazarin rubutacciyar waƙa, sannan duk bayan mako biyu, ranar Asabar, nakan je cibiya in gana da ɗalibai na awa biyu. A cikinsu akwai wani saurayi makaho wanda ƙanwarsa take yi masa jagora. Yarinyar tana aji uku na ƙaramar sakandare. Takan zaunar da shi a bencin gaba, ta koma gindin bishiya ta jira a tashi.

Littafin nawa hoton shafukansa aka ɗauka aka tura wa ɗalibai ta waya. Ga mai ido wannan sauƙi ne babba. Shi kuwa saurayin, wayarsa tana da manhajar da ke karanta rubutu da murya, amma hoton shafi a wurinta kamar bango yake, ba ta tsintar ko harafi ɗaya. Don haka ƙanwar ce take karanta masa da dare, bayan ta gama aikin gida da nata aikin makaranta. Da suka iso babin karin waƙa sai tafiya ta tsaya, domin na cika shi da jadawali da alamomin gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Ya ba ni labari yana dariya cewa ta ce masa, "Yaya, nan fa babu karatu, wasu 'yan ƙugiyoyi ne da sanduna."

Abin mamaki, duk ajin babu wanda ya kama ƙafarsa a sanin kari. Ya haddace baitoci masu yawa daga Imfiraji. In na rera ɗango, kafin sauran su ɗauki biro ya buga sandarsa a ƙasa ya ware mini gaɓoɓin, ya faɗi inda mawaƙi ya karya. Amma ranar gwaji tambayar da na shirya cewa ta yi a zana alamomi a ƙarƙashin kowace gaɓa. Yaron da aka samo ya rubuta masa bai taɓa ganin irinsu ba. Saurayin nan ya faɗi warwas a fannin da ya fi malaminsa kunne.

Kunya ta kama ni, na kira shi gefe na ce zan duba in ga ko akwai 'yan makin da zan iya ƙara masa. Ya yi shiru, can ya ce, "Allah gafarta Malam, in sadaka ce ai na san inda ake samunta, ba ita ta kawo ni nan ba. Ka dai tambaye ni ta hanyar da zan iya ba ka amsa." Ya maimaita darasin, shekara guda ta tafi da kuɗin rajistarta. Da aka yi wa ƙanwar aure kuwa, ban sake ganinsa a cibiya ba. Ban taɓa yi masa mugun nufi ba, amma ni ne gugan da ya hana shi ruwa.

Alkawarin da karatu daga nesa ya ɗauka

Kafin mu yanke hukunci ya kamata mu tuna dalilin da ya sa aka ƙirƙiro wannan irin karatu. An yi shi ne domin wanda ba zai iya zuwa aji ba. Mu nan ba baƙonmu ba ne. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru, inda jajis suke ɗaukar darasi cikin waƙa su kai wa matan ƙauyuka da ba su da halin zuwa gabanta. Ta dubi halin ɗalibanta, ta ga da yawansu ba su karatu, sai ta zuba ilimin a mazubin da kunne zai ɗauka, ƙwaƙwalwa ta riƙe.

A Amurka ma haka abin ya faro ga makafi. William Hadley malamin makaranta ne da ya makance yana ɗan shekara 55. Ya koyi rubutun makafi da kansa, sannan a 1920 ya buɗe makarantar da ke koyar da shi ta gidan waya. Wannan rubutu shi ne wanda Louis Braille na Faransa ya tsara a 1824 da ɗigo 6 da ake shafawa da yatsa. A Ingila an kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a a 1969, ta ɗauki ɗaliban farko a 1971, ta kuma yi suna wajen naɗar littattafai a kaset da barin ɗalibin da ba ya iya fita ya yi jarrabawa a gida, ga mai sa ido zaune.

A Nijeriya, Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, ta horar da malaman firamare masu ɗimbin yawa ba tare da sun bar garuruwansu ba. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya kuwa an kafa ta a 1983, aka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002. Ta kai karatu har cikin gidajen yari, tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo ma a can ya kammala digirin dakta a 2017. Ga kuma jami'o'i da dama da suka buɗe nasu sassan karatu daga nesa. Duk waɗannan alkawari ɗaya suka ɗauka: in ba za ka iya zuwa wurin ilimi ba, ilimi zai zo wurinka.

Masu jiran cika wannan alkawari ba kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna rayuwa da naƙasa mai tsanani. A ƙasarmu, a shekarar 2006 kaɗai shan-inna ta kama yara fiye da 1,000, mafi yawansu a Arewa. An tabbatar da kawar da ainihin ƙwayar cutar daga Afirka a 2020, amma yaran da ta riga ta taɓa suna nan, yanzu sun kai munzalin shiga jami'a.

Daidai wa daida da adalci

To, mu koma kan tambayarmu. Mai kare makaranta zai ce, littafi ɗaya muka ba kowa, jarrabawa ɗaya, lokaci ɗaya, ina laifinmu? Amsar tana cikin gidajenmu. Uwar da ta dama fura ta miƙa wa 'ya'yanta uku, har da jaririn da bai iya riƙe ludayi ba, ba za mu ce ta ciyar da su duka ba don kawai ta auna daidai. Abin da ake bin ta shi ne kowa ya ƙoshi. Haka makaranta. Abin da ta sayar wa ɗalibi shi ne ilimi da damar nuna cewa ya samu. Takarda da allon kwamfuta da bidiyo mazubi ne kawai. In mazubin bai isa hannun mai saye ba, ciniki bai faɗa ba.

A ajin gaba da gaba akwai abubuwan da ke rufa asiri. Malami yana ganin fuskar da ta rikice ya maimaita. Abokin zama yana karanta wa makaho abin da ke kan allo, abokai huɗu su ɗaga keken gurgu su haye bene da shi. A karatu daga nesa duk wannan ya kau, saura ɗalibi da kayan karatunsa. Saboda haka duk aibin da ke jikin kayan, kai tsaye yake sauka a kansa. Mun ga haka a 2020 lokacin da korona ta sa aka rufe makarantu, jihohi suka koma ba da darasi ta rediyo da talabijin. Dabara ce mai kyau, amma yaron da ba ya ji, me rediyo ta gaya masa?

Akwai kuma wanda ba a lissafawa. Duk inda makaranta ta gaza, wani ne a gida yake cike giɓin, kuma sau da yawa mace ce, uwa ko mata ko ƙanwa. Yarinyar nan ta gindin bishiya ita ce ta riƙa yin aikin da ya kamata ni da makaranta mu yi, ba albashi, ba godiya, da lokacin da ya kamata ta yi nata karatun. Da ta tafi, karatun ya bi ta.

Bahaushe ya riga ya yanke wannan shari'a tun da daɗewa da ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A lura, karin maganar bai ce ya kamata ba, bai ce in da hali ba. Cewa ya yi dole. Ranar da makaranta ta karɓi kuɗin rajistar makaho, ta san makaho ne, ranar ta ɗauki nauyin ba shi littafin da zai iya karantawa. Bambancin alfarma da haƙƙi a aikace yake fitowa. Alfarma tana rataye ne a wuyan mutumin kirki, ran da aka yi masa canjin wurin aiki ta tafi tare da shi. Mai karɓarta kullum cikin godiya da fargaba yake, ba ya iya ƙorafi. Haƙƙi kuwa a rubuce yake, yana da kaso a kasafin kuɗi, yana da ofishin da za a je a tambaya in bai zo ba.

Doka ma ta bi wannan hanya. A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a dokar da ta haramta nuna wa naƙasassu wariya a Nijeriya. Ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shiga, wa'adin ya cika a farkon 2024, ta kuma tanadi hukuma ta musamman wadda aka kafa a 2020. Amma doka iyakarta ta hana ka yin wani abu ko ta tilasta ka. Ba za ta zauna kusa da kai lokacin da kake tsara tambayar jarrabawa ba.

Hujjojin masu ja

Ba zan yi kamar babu abin cewa a ɗaya ɓangaren ba. Hujja ta farko ita ce kuɗi. Za a ce makarantar da ke fama da wutar lantarki da albashi, ina ta ga kuɗin injin buga rubutun makafi da tafintan kurame? Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Gaskiya ne wasu abubuwan suna da tsada, kuma ba kowace cibiya ce za ta mallaki komai ba. Amma a duba abin da ya kayar da ɗalibina. Da an tura masa ainihin rubutun da na buga a kwamfuta maimakon hotonsa, da wayarsa ta karanta masa, ba a kashe ko kwabo ba. Manhajar NVDA da ke karanta allon kwamfuta da murya, wasu makafi biyu 'yan Ostireliya ne suka samar da ita tun daga 2006, kuma kyauta ake sauke ta. Saukar da aji daga bene zuwa ƙasa magana ce ta canza ɗaki. Sa rubutu a ƙasan bidiyo aikin 'yan awoyi ne. Mafi yawan abin da ke tare hanya rashin tunawa da mutum ne tun farko. Gyaran gini bayan an gama shi ne mai tsada.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Za a ce in aka ƙara wa wani lokaci, ko aka yi masa tambaya da baki, an tauye sauran, kuma takardar shaidar ta rage daraja. Nan dole mu tambayi kanmu: me jarrabawa take aunawa? Ni kari nake son in auna, sai na ɓuge da auna iya zana ƙugiya. Da na rera masa baiti na ce ya ware gaɓoɓin, da na auna ainihin abin da nake nema, ba tare da na rage masa ko ƙwayar zarra ba. Shafa rubutu da yatsa ya fi karantawa da ido cin lokaci, don haka ƙarin mintoci mayar da shi layin da kowa ya tsaya ne. Hukumar JAMB ta gane haka, tun daga 2017 take shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a a cibiyoyi na musamman. Inda masu wannan hujja suke da gaskiya shi ne wajen makin tausayi. Wannan kam cuta ce ga kowa, kuma shi ne abin da na so in yi saurayin ya hana ni. A canza hanyar tambaya, kada a taɓa ma'auni.

Hujja ta uku ita ce mai zuwa da fuskar alheri. Za ka ji an ce, ai karatu daga gida shi ya fi dacewa da irinsu, sun huta da wahalar hanya. Wani lokaci haka ne, kuma da yawa da kansu suke zaɓarsa. Amma a yi hattara kada ya zama sabon kulle. Idan jami'a ta ƙi gyara matakalarta don ta san akwai inda za a tura gurgu ya yi karatu a ɗaka, to an yi amfani da alheri an ɓoye mutum. Ilimi ya haɗa da musu da abokai da sanin mutanen da gobe za su kira ka aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi za a bari ya zaɓa, kuma shi za a tambaya me yake buƙata. Alal misali, kurman da ya tashi da maganar hannu irin ta Hausa a unguwa, da wanda ya koyi ta makaranta mai tushe daga Amurka, ba lalle tafinta ɗaya ya wadatar da su ba. Wanda bai tambaya ba ba zai sani ba.

Rabonmu mu marubuta

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu, mu da ba shugabannin jami'a ba? Ruwanmu ya yi tsaki kuwa. A karatu daga nesa littafi shi ne malami, kuma irinmu ne ake ba kwangilar rubuta shi. Duk lokacin da ka rubuta "dubi hoton da ke ƙasa" ba ka bayyana abin da ke cikin hoton da kalmomi ba, ka rufe ƙofa. Duk lokacin da ka jera jimla mai layi shida inda gajeru uku za su yi, ka wahalar da kurman da harshen rubutu yake zame masa harshe na biyu, da mai matsalar haɗa haruffa, wanda sau da yawa mukan yi wa kuɗin goro mu ce daƙiƙi ne. Bayyana hoto da kalmomi kuwa ai sana'armu ce. Wanda ya iya sa mai karatu ya ga kwalliyar amarya a labarin soyayya ba zai kasa bayyana jadawali ba.

Sannan ga littattafanmu na adabi, waɗanda ake sa wa ɗalibai a manhaja. Ƙungiyar Makafi ta Duniya ta daɗe tana kukan cewa ƙasa da kashi 10 cikin 100 na littattafan da ake bugawa ne suke isa ga makafi. Wannan ya sa aka ƙulla yarjejeniyar Marrakesh a 2013, Nijeriya ta amince da ita a 2017, kuma dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta ba da damar mayar da littafi zuwa sigar da makaho zai iya amfani da ita. Na san tsoron da muke yi na masu satar fasaha, kuma tsoro ne mai dalili. Amma makaranta irin ta makafi da ke Gindiri, wadda ke aiki tun 1953, ko ta Tudun Maliki a Kano, ko Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo, in marubuci ya miƙa musu rubutun littafinsa, ko ya zauna ya karanta shi da muryarsa aka naɗa, me ya rage masa? Mu da muka saba ba gidajen rediyo littattafanmu a karanta, mun riga mun san hanya.

Kada kuma mu manta bashin da ke kanmu. Alhaji Aliyu Namangi makaho ne. Da baki ya tsara Imfiraji, wasu suka rubuta, aka buga, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Yau masu ido suna samun digiri da nazarin waƙoƙinsa. Da zai dawo ya zauna gwajin da na shirya a kan karin waƙa, da ya faɗi. Duk lokacin da na tuna haka sai jikina ya yi sanyi.

Daga ƙarshe, shawarata ga duk wanda aka ba aikin rubuta darasi ko tsara jarrabawa ita ce, kafin ya miƙa, ya sa a karanta masa aikin idonsa a rufe, ya kalli bidiyonsa ba sauti, ya kuma nemi ɗalibi ɗaya daga cikin waɗanda abin ya shafa ya gwada. Ni dai na sake rubuta babin nan na kari, na bayyana kowace alama da kalmomi, na naɗi misalan da muryata. Wanda na yi dominsa bai samu ba. Ina fata na bayansa su samu. Allah Ya sa mu dace, amin.